Abin Da Ke Sa Tsohon Bidiyo Karkarwa, Da Yadda Ake Gyara Shi

Jama'a da yawa sun sha ganin wannan abu a talabijin, ko da yake ba kowa ya san mafarinsa ba. Ana cikin shirin tuna baya sai a sako tsohon hoton hawan daba, ko na wasan ƙwallo, ko na wani mawaƙi da 'yan amshinsa. Muddin mutanen da ke ciki suna tsaye wuri ɗaya, hoton ras yake. Amma da zarar doki ya zabura, ko mai ɗaukar hoto ya juya kyamara daga hagu zuwa dama, sai kome ya kama karkarwa kamar mai masassara, har idon mai kallo ya gaji. Wani ya ce kaset ne ya tsufa, wani ya ɗora wa eriya laifi, wani kuwa ya ce ƙarancin wutar lantarki ne.

Galibi duk ba haka ba ne. Kaset ɗin lafiyarsa lau, kuma in da za a mayar da shi cikin na'urarsa ta asali a kunna, da an ga dokin yana sukuwa sumul. Ɓarnar takan auku ne a ɗakin tace hoto, lokacin da aka juye kaset zuwa kwamfuta, ko lokacin da aka haɗa hotunan kyamarori dabam-dabam a shiri guda. Gyaranta bai wuce aikin 'yan mintoci ba in an farga da wuri. In kuwa ba a farga ba har aka yar da kaset, to, karkarwar ta zauna ke nan, kuma da ita jikoki za su gaji hoton. Saboda haka ya kyautu masu wannan sana'a, da shugabannin da ke ba su aiki, su fahimci yadda abin yake tun daga tushe.

YADDA TALABIJIN KE ZANA HOTO

Hoto mai motsi ba kome ba ne illa hotuna tsayayyu da ake jerowa da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. A silima hoto 24 ke wucewa a kowane sakan. Shi kuwa akwatin talabijin na da, watau mai gilashi da ƙaton baya, ba ya nuna hoto gaba ɗaya lokaci guda. Wani ɗigon haske ne ke gudu a fuskarsa yana zana layi bayan layi, daga sama har ƙasa, kamar yadda manomi ke bin kunya.

A nan injiniyoyin farko suka gamu da wata matsala. In aka zana cikakken hoto sau 25 a sakan, kafin ɗigon hasken ya kai ƙasa layukan sama sun dushe, sai fuskar akwatin ta riƙa ƙyafta ido. In kuwa aka ce a zana sau 50, sai an ninka faɗin hanyar iska da tasha ke aika hoton a kanta, abin da ke da tsada ƙwarai. Dabarar da suka yi ita ce su raba kowane hoto sahu biyu. A sahun farko a zana layi na 1, na 3, na 5, har ƙasa, ana tsallake ɗaya. A sahu na biyu a dawo sama a cike guraben da aka bari, watau layi na 2, na 4, na 6. Layukan sai su shiga juna kamar mutum ya sarƙe yatsun hannunsa biyu. Da haka fuskar akwati take haskawa sau 50 a sakan, alhali kuwa abin da aka aiko bai wuce nauyin hoto 25 ba.

Fritz Schröter na kamfanin Telefunken a Jamus ya yi rajistar irin wannan dabara a 1930, Randall Ballard na kamfanin RCA a Amurka kuma ya shigar da tasa a 1932. Tsarin layi 405 da BBC ta fara watsa shiri da shi a Landan cikin watan Nuwamba na 1936 da wannan saƙa yake aiki. Daga baya ƙasashen Turai suka koma layi 625, kuma shi Nijeriya ta bi. Tasha ta farko a ƙasar nan ta buɗe a Ibadan ran 31 ga Oktoba, 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, sa'an nan aka kafa NTA a 1977. Da hoto mai launi ya zo, tsarin PAL muka ɗauka, wanda Walter Bruch ya ƙirƙiro a Jamus, aka fara watsa shiri da shi a 1967. Daga cikin layi 625 ɗin nan, 576 ne ke ɗauke da hoto in an juye shi zuwa kwamfuta, watau 288 a kowane sahu. Amurka da Japan, su layi 525 suka bi, da sahu kusan 60 a sakan.

Abu ɗaya mai karatu zai riƙe, domin kome a kansa ya rataya. Kyamarar bidiyo ba ta ɗaukar sahun nan biyu lokaci ɗaya. Tsakanin sahu da mai bi masa akwai ratar kashi ɗaya cikin hamsin na sakan. Ratar ƙanƙanuwa ce, amma ta isa doki mai gudu ya gusa gaba. Ke nan abin da ake kira hoto guda a bidiyo, a gaskiya lokuta biyu ne aka saƙa wuri ɗaya, ɗaya na gaba, ɗaya na baya.

INDA GIZO KE SAƘA

A kan tsohon kaset irin su U-matic da Betacam da VHS, sahu-sahu suna biye da juna ne a kan tef, kowane bayan ɗan'uwansa, babu yadda za su rikice. Rikicin ya zo ne tare da kwamfuta. Ita kwamfuta takan kama sahu biyu ta ajiye su a matsayin hoto ɗaya, sa'an nan ta liƙa wa fayil ɗin wata 'yar alama mai cewa ga wanda za a fara nunawa. Sahun da ya ƙunshi layin can ƙoli shi ake kira sahun sama, wanda ya fara daga layi na biyu kuma sahun ƙasa. Ba rabin hoto na sama da na ƙasa ake nufi ba, kowane sahu ya ratsa hoton daga kai har ƙafa. Manhajoji sukan taƙaita abin da haruffa: TFF in sahun sama ne ke gaba, BFF in na ƙasa ne.

Da masu ƙera na'urori sun haɗa kai a kan tsari ɗaya, da magana ta ƙare. Amma ba su haɗa ba. Kayan aikin gidajen talabijin na ƙasashe masu layi 625 galibi sahun sama suke sawa gaba. Tsarin DV da ya fito a 1995, wanda ƙaramin kaset ɗinsa na MiniDV ya game duniya, shi sahun ƙasa yake sawa gaba, ko a ƙasashen PAL. Da kyamarori masu layi 1080 suka zo, irin su HDV, aka sake komawa sahun sama. Faifan DVD kuma yana iya ɗaukar kowanne. Har kaset ɗaya na VHS ma, in aka juye shi ta akwatin DV zai fito da sahun ƙasa a gaba, in aka juye shi ta wani katin dabam kuma ya fito da na sama.

To, a ce doki yana gudu, kyamara ta kama shi a matakai shida: 1, 2, 3, 4, 5, 6. In alamar fayil ta yi kuskure, akwatin talabijin zai nuna su kamar haka: 2, 1, 4, 3, 6, 5. Watau dokin ya ja baya taki ɗaya, ya yi tsalle uku gaba, ya sake ja baya ɗaya, ya sake tsalle uku. Sau 25 yake yin wannan ja da baya a kowane sakan. Ido ba ya iya ƙirgawa, abin da yake gani kurum shi ne karkarwa. Abin da ke tsaye kuwa, wurinsa ɗaya ne a sahu na 1 da na 2, don haka ko an juya su babu abin da zai canja. Shi ya sa mai karanta labarai da ke zaune zai fito lafiya, amma rubutun da ke gudu a ƙasan hoto ya riƙa tsuma.

ME YA SA EDITA BA YA GANI?

Mai karatu zai ce, to, shi mai tace hoton makaho ne? A'a, allonsa ne ke ɓoye masa. Allon kwamfuta ba ya zana hoto sahu-sahu. Yakan nuna sahu biyun a haɗe lokaci guda, ko kuma manhajar ta jefar da ɗaya ta nuna ɗaya domin aiki ya yi sauri. A hali na farko edita zai ga gefen abu mai motsi ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji. Wannan ba ciwo ba ne, haka hoton saƙa yake in an tsayar da shi, kuma haka zai fito ko jerin sahu daidai yake ko a juye. A hali na biyu kuwa ba zai ga kome ba sam. Sai ya gama aiki, ya miƙa, an watsa, sa'an nan waya ta fara ƙara.

A da, kowane ɗakin tace hoto na ƙwarai yana da akwatin gwaji mai gilashi a gefen tebur, wanda ke nuna hoto kamar yadda zai isa gidajen mutane. Yau an kwashe irin waɗannan akwatuna an jibge a sito, matasa masu shiga sana'ar kuma da yawansu sun tashi da kyamarar waya, wadda ke ɗaukar cikakken hoto ba tare da sahu ba. Ba laifinsu ba ne in ba su san da zaman abin ba. Talabijin na bango na zamani shi ma ba ya zana sahu, amma yana da 'yar na'ura a ciki mai warware saƙar, kuma ita alamar da aka aiko mata take bi. In an gaya mata ƙarya, ƙarya za ta nuna.

YADDA AKE GANE CIWON

Mataki na farko shi ne a karanta abin da fayil ya ce game da kansa. Manhajar MediaInfo, wadda kyauta ce, za ta nuna ko hoton na saƙa ne, da kuma sahun da aka rubuta yana gaba. Sai dai wannan da'awar fayil ce kawai, kuma ita ce ake tuhuma.

Mataki na biyu shi ne a nemi shaida daga hoton kansa. A zaɓi wurin da ake motsi sosai zuwa gefe ɗaya, kamar mota mai wucewa. A sa manhaja ta raba sahu-sahu ta nuna kowanne shi kaɗai, sa'an nan a riƙa matsawa ɗaya bayan ɗaya. In motar tana ta yin gaba, jerin daidai yake. In tana gaba tana baya, an juya shi. Ko manhajar kallo ta VLC tana iya tona asirin: a kunna mata warware saƙa ta hanyar da ke ninka yawan hotuna, wadda ta kira Yadif 2x, nan da nan karkarwar za ta bayyana in akwai ta. Masu amfani da FFmpeg kuma suna da matata mai suna idet, wadda ke duba ɗaruruwan hotuna ta ƙirga nawa suka yi kama da sama-gaba, nawa ƙasa-gaba. Amma a ba ta wurin da ke da motsi, domin a hoto tsayayye ba ta da abin kamawa. Wanda kuwa yake da tsohon akwati mai gilashi da hanyar jona shi da kwamfuta, ya riƙe shi da kyau, domin babu alƙalin da ya fi shi.

CIWO UKU, MAGANI UKU

Na farko shi ne mafi sauƙi: hoton lafiya yake, alamar ce kawai aka rubuta ba daidai ba. A nan ba a taɓa hoton. Manhajojin tace hoto irin su Premiere Pro da DaVinci Resolve suna da wurin da edita zai gaya musu su yi watsi da abin da fayil ya ce, su ɗauki sahun da ya zaɓa. A FFmpeg matatar setfield ce ke wannan aiki. A wasu irin fayiloli ma ana iya sauya alamar ba tare da an sake matse hoton ba, wanda shi ya fi, domin kowace matsa tana rage kyau.

Na biyu shi ne gauraye. Misali, shiri ne na tarihi da za a miƙa wa tasha mai son sahun sama a gaba, amma a cikinsa akwai guntaye daga kaset ɗin MiniDV. Shiri ɗaya alama ɗaya yake ɗauka, don haka in aka sauya ta domin guntayen su daidaita, sauran shirin ne zai kama rawa. Dole a juya guntayen da kansu. Hanya ɗaya ita ce a gusa hoton duka da layi guda tak, sama ko ƙasa. Da an yi haka, layukan da ke zaune a gurbin sahun ƙasa sun koma gurbin sahun sama, kuma su ne dama na gaba a lokaci. Asarar layi ɗaya ce a baki, wadda ba mai lura da ita. Matatar fieldorder ta FFmpeg haka take yi. Hanya ta biyu ita ce a jinkirta hoton da sahu ɗaya, a sake aurar da kowane sahu da maƙwabcinsa. Manyan manhajoji sukan yi wannan gyara da kansu, amma sai in sun san gaskiyar kowane guntu tun da aka shigo da shi. Saboda haka a duba kowane fayil a ƙofa, kafin a fara yanka.

Wannan bayani ya nuna wani tarko kuma. Tun da gusa hoto da layi ɗaya yana juya sahu, to, wanda ya datse layi ɗaya ko uku ko biyar daga saman hoto ya juya jerin da hannunsa bai sani ba. Masu juye VHS sukan so su datse dattin da ke bakin hoto. Abin da ya fi shi ne a rufe wurin da baƙi, in kuwa datsewar ta zama dole, a datse biyu-biyu, ko huɗu-huɗu.

Na uku shi ne mai ban takaici. In aka ƙara wa hoton saƙa girma ko aka rage shi ba tare da an fara raba sahunsa ba, kamar a ja layi 576 zuwa 1080 kai tsaye, kwamfuta za ta cuɗa layin wannan lokaci da na wancan. Gefen abu mai motsi sai ya zama igiya-igiya, mutum ya fito da inuwa biyu. An dama fura da nono ke nan, ba mai sake raba su. Haka nan in aka warware saƙar da jeri a juye aka ajiye sakamakon, ko aka matse fayil ɗin kamar ba na saƙa ba ne. Maganin gaskiya guda ne: a koma kan kaset a sake juyewa.

IN ZA A SA A INTANET

Waya da kwamfuta cikakken hoto suke so, kuma YouTube da kansa yana ba da shawara a warware saƙa kafin a ɗora bidiyo. A nan ma akan yi garaje. Hanya mafi arha ita ce a zubar da sahu ɗaya, wadda ke barin layi 288 maimakon 576, ta kuma zubar da rabin motsi. Garin neman gira an rasa ido. Hanyar ƙwarai ita ce a mayar da kowane sahu cikakken hoto, a sami 50 a sakan, yadda motsi zai fito kamar yadda aka gan shi ran da aka watsa. Matatu irin su yadif da bwdif suna yin haka da sauri, QTGMC kuma ta fi su kyau, sai dai tana cin lokaci. Dukansu sai an gaya musu jerin sahu na gaskiya, in ba haka ba karkarwar za su dafa cikin sabon fayil.

Ƙa'idar da masu adana kayan tarihi ke bi ita ce kwafi biyu. Na farko uwa ce: a juye kaset yadda yake, da saƙarsa, da yawan layinsa, ba gyara ba kwalliya, a rubuta jerin sahunsa a takarda da cikin sunan fayil, a adana. Na biyu shi ne na kallo, wanda za a warware, a ƙara masa girma, a yi masa duk abin da ake so. In gobe aka sami dabarar da ta fi ta yau, sai a koma wurin uwa.

KASET BA YA JIRA

Abin da ya sa wannan magana ta wuce ta injiniyoyi shi ne abin da ke kan kaset ɗin. Wasannin kwaikwayo irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Kasimu Yero ta talabijin jama'a suka san su. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma wanda bai riske su ba, hoton bidiyo ne kaɗai zai nuna masa yadda suke tsayawa gaban jama'a. Finafinan Hausa na bidiyo, tun daga Turmin Danya na 1990, sun ratsa zamanin VHS da na MiniDV. Ga kuma kaset ɗin biki da na suna da na naɗin sarauta da ke cikin akwatunan gidaje. Duk abin da kyamarar bidiyo ta wancan zamani ta ɗauka, da saƙar sahu biyu ta ɗauke shi.

Na'urorin kunna su kuwa ƙarewa suke. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Tun a 2015 hukumar adana finafinai da sauti ta Ostireliya ta yi gargaɗin cewa kaset ɗin da ba a juye ba kafin 2025 zai yi wuyar cetowa, kuma a 2019 UNESCO ta haɗa kai da ƙungiyar ma'adanan sauti da hoto ta duniya domin faɗakarwa a kan wannan haɗari. Tef ɗin kansa zafi da laima suna cinsa, kuma ƙasarmu ba ta rasa ko ɗaya ba. Kaset da yawa sau ɗaya za su sake yarda a kunna su.

Don haka duk shugaban tasha, ko mai shirya fim, ko magidanci da zai ba da kaset a juye masa, ya yi wa mai aikin tambaya uku. Wane sahu ne ke gaba a fayil ɗin da za ka ba ni? Ka gwada da idonka a wurin da ake motsi? Za ka ba ni uwar kwafi wadda ba a taɓa ba? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da inda-inda ba. Kuma ko ya amsa, kada a yar da kaset sai an zauna an kalli abin da ya fito, a kan talabijin, daga farko har ƙarshe.